Ladabin da Ya Kusa Raba Dattijo da Aikinsa

Shekarun baya, ina jin an doshi takwas yanzu, likita ya duba awon jinina ya ɗago ya dube ni, ya ce in dai ina son in ga auren 'ya'yana to in nemi inda zan je in huta. Ni kuwa a lokacin ban san wani hutu ba da ya wuce in miƙe a falo ranar Lahadi, waya tana kan ƙirjina. Abokina da muka taso tare tun firamare a Tudun Wada shi ya kawo shawarar jirgin ruwa a Masar. Ya ce akwai wanda yake tashi daga Alƙahira ya bi kogin Nilu har Aswan, sati biyu cur, ba ofis, ba ɗaurin aure, ba mai yi maka sallama a ƙofar gida. Muka shirya komai tare. Saura 'yan kwanaki tafiya aka soke masa hutu a wurin aiki. Na juya wajen maiɗakina, ta ce, "Wa, ni? A kan ruwa? Alhaji, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Allah ya tsare hanya, a dai taho mana da tsaraba."

Haka na kama hanya ni kaɗai, mutumin da babban ruwan da ya taɓa gani shi ne na Tiga, shi ma daga cikin mota.

Jirgin kamar otal ne mai hawa huɗu aka ɗora a kan ruwa. Ɗakina ɗan ƙarami, taga ɗaya, in ka leƙa ruwa yana nan dab da kai. Fasinjojin kusan duk Turawa ne, tsofaffi, biyu-biyu, miji da mata. Baƙar fata a cikinsu ni kaɗai, mai hula ma ni kaɗai. Kwana biyun farko ban yarda da jirgin ba sam. Ko banɗaki zan shiga sai na yi addu'ar shiga abin hawa.

Daga baya jiki ya saba, har na soma jin daɗin zaman. Da asuba kiran salla yake tashe ni daga gaɓa biyu, ƙauyen dama ya kira, na hagu ya amsa. Matsalata ɗaya gabas. Zan shimfiɗa sallaya daidai da abin da waya ta nuna, kafin in yi sallama kogin ya yi kwana, jirgi ya juya da ni. Na kai ƙara wajen wani ma'aikaci, ya yi dariya ya ce in yi iya yina, Wanda ya halicci kogin ya san ba miƙaƙƙe ba ne.

Bayan karin kumallo kowa sai ya hau rufin jirgi. Turawa su shafa mai su shanya kansu a rana kamar kilishi, ni kuma in ja kujera can lungu ƙarƙashin rumfa in zauna ina kallon duniya tana wucewa a hankali. Gonakin rake, dabino, jakuna, mata suna wanki a bakin ruwa, yara suna bin jirgi da gudu suna ɗaga hannu. Rabin abin da nake gani sai in ce hanyar Kura ce, ruwan ne kawai ya fi yawa. Wasu ranakun jirgi ya tsaya, a sauke mu, wani mai 'yar tuta ya shige gaba mu bi shi a layi ana nuna mana gine-ginen Fir'aunoni. Daga na uku wallahi na daina bambance wannan Fir'auna da wancan. Larabcina na Islamiyya kuwa ya sha dariya. Duk wanda na yi wa magana sai ya murmusa ya ce kamar ana huɗuba. Amma dai muna fahimtar juna, inda ya ƙi mu cike da Turanci.

To, inda labarin yake shi ne ɗakin cin abinci.

Da safe kowa da kansa yake ɗiba. Amma abincin rana da na dare zama ake yi, kowa da teburinsa, kowane tebur da mai kawo masa abinci, kuma ba a canzawa har a sauka. Nawa teburin na mutum ɗaya ne a jikin taga. Ranar farko ina zaune ina gyara hula sai na ga wani dattijo ya nufo ni da tire. Mutumin Aswan ne, baƙi kamar mu, kansa fari fat da furfura, farar rigar aikinsa a goge. Ko a ido ya ba ni shekara ashirin. Irin dattijon da in ka gamu da shi a layinmu za ka rage tafiya ka rusuna.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

Sai na ɗan yi muku bayanin gidan da na fito kafin ku gane. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin gwamnati ne, a nan Nassarawa ya raine mu. Gidan na Turawa ne, tarbiyyar ta cikin gari ce. Ina ɗan shekara tara ya taɓa fitowa ya tarar da ni zaune a baranda, tsohon mai gadinmu yana wucewa da bokitin ruwa. Jan kunnen da na sha ranar har yau in na tuna sai na taɓa wurin. Dokarsa ɗaya ce: babba ba ya ɗaukar kaya kana zaune kana kallo.

Don haka na tari dattijon nan a tsakiyar hanya na ce, "Baba, kawo."

Ya ce, "A'a, a'a, Alhaji, zauna."

Ni kuwa na san wannan a'a ɗin, ko kuma na ɗauka na san ta. A wurinmu ai haka babba yake cewa, "Bar shi, bar shi, ɗan nan," kai kuma ka ƙi bari, ka karɓa, ya sa maka albarka. Wanda ya ji "bar shi" ya bari shi ne marar kunya. Na karɓe tiren na kai tebur da kaina. Ya tsaya hannu sake yana kallona, sannan ya yi ɗan murmushi ya juya.

Daga nan abin ya zama sana'ata. Da na hango shi ya fito daga kicin sai in tashi. In na gama ci in tattara faranti in kai har ƙofar kicin. In zai zuba mini shayi in karɓe butar. Wata rana ma kujera na jawo masa na ce ya zauna mu ci tare, na fito da ƙullin kilishin da na taho da shi. Ya waiga hagu da dama ya ce, "Alhaji, don Allah," ya tafi da sauri. Na ce a raina kai, dattijon nan akwai kunya. Ina ta yaba kaina a zuci, wai ina nuna wa Turawa yadda ake tarbiyya a Kano. In na lura suna kallona har ƙara gyara tsayuwa nake yi.

A rana ta bakwai aka yi ta. Akwai wata miyar wake da suke fara sha da cokali kafin a kawo abinci. Dattijo ya taho da ita, na tare shi kamar kullum. Ranar sai ya ƙi saki. Na ja, ya ja. Ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Saki." Na ce, "Haba Baba, wallahi ba za a yi haka ba." Kwanon ya zame ya tafi. A teburin kusa da ni akwai wata tsohuwar Baturiya, ita ma ita kaɗai take tafiyar, kullum da littafi a hannu da farar riga. Miyar nan kaf a cinyarta ta sauka.

Sai ga shugaban masu hidima, wani mai baƙar kwat da ba ya dariya, ya iso kamar an jefo shi. Ya ba matar haƙuri, ya juyo ya ba ni haƙuri, ni da na yi ɓarnar. Ya ce, "Mun lura tun kwanaki kai kake ɗaukar abincinka da kanka. Wannan abin kunya ne a gare mu. Ba za ka sake samun wannan matsalar ba." Na buɗe baki zan yi bayani, Turancin ya tsaya mini a wuya, Larabcin ya gudu. Dattijo yana durƙushe yana goge ƙasa, bai ɗago ba.

Washegari wani ne daban ya kawo mini abinci. Na tambaye shi ina Baba, ya nuna bayan jirgi da haɓa. Abincin ranar ban san me na ci ba.

Bayan la'asar na bi wata 'yar hanya da fasinja ba sa bi, na same shi a bayan kicin, kusa da inda injin yake ruri. Yana zaune a kan wani akwati yana goge cokula, an karɓe farar rigar. Na yi sallama na tsuguna. Ya amsa, amma bai dube ni ba. Sai da ya goge cokali uku sannan ya ce, "Alhaji, me na yi maka?"

Na ce, "Subhanallahi! Baba, girmama ka nake yi. A garinmu ba a zama babba yana tsaye."

Ya ajiye tsumman. Ya ce shekararsa talatin da wani abu yana ɗaukar tire a kan kogin nan, bai taɓa zubar da ko ɗigon shayi a jikin baƙo ba. Tun bara ake ta yi masa maganar tsufa, ana jira ya yi kuskure ɗaya. "Sai ga ka. Kullum sau biyu kana tashi a gaban mutane kana karɓe tire daga hannuna. Me kake so su ce? Sun ce baƙo ya gaji da jiran tsoho. In mun isa Aswan a nan za a sauke ni, jirgi ya juya ba ni."

Na ce, "Amma me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Sau nawa na ce maka ka zauna?"

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Gaskiya ne, ya faɗa, ya sake faɗa. Ni ne na zo da kunnen Kano na saurare shi da shi. Na tashi na tafi, ko sallamar kirki ban iya yi ba.

Jirgi ya tsaya a wani gari da yamman nan, waya ta kama. Na kira mahaifiyata, wadda take zaune a sashenta a gidana tun rasuwar mahaifinmu. Bayan gaisuwa ta ce, "Muryarka ba daidai ba. Jirgin ne yake nitsewa?" Na kwashe labari na ba ta, ina jira ta ce ai niyyata mai kyau ce. Sai na ji ta tuntsire da dariya. Ta yi mai isarta.

Ta ce, "Yo ai halinka ne. Kai da ladabi kake kashe mutum."

Na ce, "Hajiya, ni?"

"Kai fa. Rabona da in dama kunu da hannuna tun mahaifinka yana da rai. In na ɗauki tsintsiya ka aiko a karɓe. In na leƙa kicin ka ce hayaƙi. Ko zogalen bayan gida na je tsinka sai ka ce rana. Kun ajiye ni kamar hoton bango, a gaishe ni da safe a gaishe ni da yamma. Shiru na yi don na san don Allah kake yi. Amma ranar da aka daina neman komai a hannun mutum, ai ya fara tafiya ke nan." Sai ta ƙara da cewa, "Tashi ka je ka gyara ɓarnar da ka yi wa bawan Allah. Tawa ma yi ta in ka dawo."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ga tausayin mahaifiyata ya cika mini zuciya. Shekara da shekaru muna gida ɗaya, sai da na tsallaka wata ƙasa na ɓata wa baƙon dattijo aiki sannan na ji wannan maganar.

Da safe na fara da Baturiyar. Na same ta a rufin jirgi da littafinta, na cire girman kai na ba ta haƙuri, na yi mata bayanin yadda muke yi a gida. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Dama ina ta mamaki. Na ɗauka wani tsohon bashi ne tsakaninku, kullum kuna kokawa da tire." Da ta ji za a sauke shi sai ta rufe littafin ta ce, "Tashi mu je."

Mai baƙar kwat ya saurare mu a tsaye. Na gaya masa laifin nawa ne daga farko har ƙarshe, dattijon bai taɓa yin jinkiri ba, ni ne ba na bari ya iso. Ya ce, "Na ji. Amma hannunsa yana rawa, na gani da idona." Baturiya ta ce, "Kowa aka haɗa da ƙato kamar wannan yana fizgar masa tire hannunsa zai yi rawa. Rigata ce aka ɓata, ni kuma na ga wanda ya ja." Ya dube ta, ya dube ni. Can ya ce dattijo zai dawo teburina yau da rana, shi kuma zai tsaya ya gani. In abu ya sake zuba, magana ta ƙare. Sannan ya nuna ni da yatsa ya ce, "Kai kuma ka zauna."

Jama'a, na zauna jarrabawa iri-iri a rayuwata, ban taɓa zama mai wuyar wannan ba. Baturiyar ta dawo da kujerarta teburina, ta kama hannun rigata ta riƙe gam a ƙarƙashin tebur. Ƙofar kicin ta buɗe, dattijo ya fito cikin farar rigarsa da kwano biyu na miya a tire. Nisan bai fi taku ashirin ba. Ƙafafuna suka soma tashi da kansu, kunnen da mahaifina ya ja ya ɗauki zafi. Matar ta ce, "Ka motsa in taka ka."

Da yake ranar ce na fara zama na dube shi sosai, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Hannun nasa yana rawa da gaske, kaɗan. Amma yana da dabararsa. Yakan manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ya ɗan karkata kafaɗa, ya taho da wani taku da ya dace da lilon jirgin. Miyar ko motsi ba ta yi. Ya iso, ya ajiye na matar, ya zagayo ya ajiye nawa, ya juya kwanon har cokali ya fuskanci hannun damana. Ya ɗauki buta ya zuba ruwa daga sama, bai ɗiga ba. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini hula.

Na ce, "Na gode, Baba."

Ya ce, "A ci lafiya, Alhaji." Ya juya ya tafi a miƙe, bai ko kalli inda mai baƙar kwat yake tsaye ba.

Haka muka yi sauran kwanakin. Ina zaune, yana kawowa, ana kallonmu. Ba wanda ya ce mana an yafe ko ba a yafe ba. Na so in tambaya, na ga bakina ya yi ɓarna isasshiya, na kama kaina.

Ranar da muka isa Aswan da hantsi, na fito da akwatina zan sauka, sai na tarar da shi a bakin ƙofa. Farar rigar tana jikinsa, ba jaka a kafaɗarsa, a bayansa kuma ana jera kofuna don baƙin da za su hau. Ya ga inda nake kallo ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ban san sanda na ce alhamdulillahi da ƙarfi ba.

Sai ya miƙa hannu ya kama akwatina. Ɗaukar kaya ba aikinsa ba ne, akwai masu yi. Na ce, "Baba..." Ya ce, "Kada ka taɓa." Ya ɗaga shi ya hau 'yar gadar katakon da ake sauka ta kai, ni ina binsa a baya hannu rabbana, ƙato da ni, mai furfura yana ɗauke da kayana a gaban jama'a. Da wani ɗan unguwarmu ya gan ni ranar, da na gama yawo a Kano.

Muna taka ƙasa ya ajiye akwatin. Ya gyara rigarsa ya ce, "To, yanzu mun fita daga jirgi. Nan garinmu ne. A nan ni babanka ne. Gaishe ni irin ta garinku."

Na cire takalmi a kan dutsen nan mai zafi, na durƙusa har ƙasa. Ya ɗora hannunsa a kan hulata, ina jin 'yar rawar da yake yi, ya yi mini addu'a doguwa, ya haɗa da mahaifana da 'ya'yana. Hawaye suka zubo mini, ban kuma ɓoye ba. Da ya shafa sai ya ce baƙi sun kusa isowa, ya juya ya haye jirgi da sauri.

Ban sake ganinsa ba, ban ma san ko yana raye ba. Kuma kada in yi muku ƙarya in ce na canza gaba ɗaya. Har gobe in babba ya nufo ni da kaya ƙafata takan riga ni tashi, kuma sau da yawa tashin shi ne daidai. Abin da na ƙaru da shi kawai, nakan ɗan tsaya in dubi fuskar mutum tukuna, in gane ko kayan nauyi suke yi masa, ko kuwa su ne suke riƙe da shi. In na ga na biyun ne sai in danne zuciyata in koma in zauna, in ce na gode, in ci abin da aka kawo mini.